Me Ya Hana Mu Ba Mai Ciwon Damuwa Maganin Kumburi?

Jiya muna jera kwalayen magani ka tambaye ni: tunda ka karanta cewa ciwon damuwa yana da alaƙa da kumburin cikin jiki, me zai hana a ba mai shi maganin kumburi irin ibuprofen ya huta? Zauna, ɗana, wannan ba amsar tsaye ba ce.

Abin da ka karanta gaskiya ne. Tuna ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai: abinci ya fita ranka, maganar mutane ta ishe ka, ko abin da kake so bai ba ka sha'awa ba. Garkuwar jikinka ce ta sa haka. Tana sakin sinadarai irin su IL-6 da TNF, su kai wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa a kwanta a yi jinya. Likitoci sun ga wannan ƙarara a zamanin da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C allurar interferon, wadda ke tayar da garkuwar jiki. Mutum zai fara allurar da walwalarsa, bayan wasu makonni kusan ɗaya cikin huɗu ya faɗa ciwon damuwa sosai.

Sai dai ba kowane mai damuwa ke da kumburi ba. Idan aka auna CRP a jininsu, wato alamar kumburi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne nasu ke haura miligiram 3 a lita. A 2013 masu bincike a Jami'ar Emory da ke Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 60 waɗanda magungunan damuwa suka ƙi yi musu aiki. Rabi aka ba su infliximab mai toshe TNF, rabi aka ƙara musu ruwan da babu magani a ciki. A dunƙule, babu bambanci. Waɗanda CRP ɗinsu ya haura 5 ne suka nuna alamun sauƙi. Masu ƙarancin kumburi kuwa, gara ma ruwan a gare su. An gwada celecoxib da minocycline, wasu magungunan da ke rage kumburi, wani gwajin ya ba da fata, wani bai nuna komai ba. Shi ya sa har yau ba su zama maganin damuwa da ake rubutawa yau da kullum ba.

Abin da ya fi damuna yana nan gabanka, a kan kantar maganin nan. Magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline suna rage sinadarin serotonin a cikin ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Magungunan kumburi irin su ibuprofen da diclofenac kuma suna cin bangon ciki. Ka haɗa su, ka buɗe ƙofar zubar jini a ciki. Ina sabon shiga aikin nan na miƙa wa wata dattijuwa diclofenac saboda ciwon gwiwa, ban tambaye ta me take sha ba. Bayan mako biyu ɗanta ya dawo ya ce bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, tana kwance asibiti ana ƙara mata jini. Ashe tana kan maganin damuwa. Ta tashi, amma har yanzu ina ganin fuskar yaron nan.

Mai shan lithium, maganin daidaita yanayin rai, ma haka: maganin kumburi na hana ƙoda fitar da shi, ya taru ya zama guba, sai rawar hannu da amai da ruɗewa.

Don haka duk wanda ya nemi maganin ciwon jiki, fara da tambayar abin da yake sha. In ya ambaci maganin damuwa, paracetamol za ka fara ba shi, ka kuma ce kada ya ajiye nasa maganin sai da sanin likitansa. In ya ce ya yi wata biyu yana sha ba sauƙi, ga ciwon gaɓɓai ko ciwon suga a tare, rubuta wa likitan ƴar takarda ka ambaci duka biyun, shi zai duba ko a auna CRP.