Duwatsun Pyrmont masu layi-layi

Tambaya: Malam, ina karatu a Sydney ta ƙasar Ostareliya, ina zaune a unguwar Pyrmont da ke bakin ruwa. In na fita tattaki da yamma nakan ga katangun dutse masu ruwan zuma, da layuka a karkace kamar an zana su. Wane irin dutse ne, kuma me zan duba? Daga wata ɗaliba 'yar Gombe.

Amsa: 'Yata, dutsen rairayi ne, masana na kiransa Hawkesbury. Kimanin shekara miliyan 240 da suka wuce wani makeken kogi ya riƙa jibge rairayi a wurin, nauyi ya danne shi har ya daskare. Ke ma ba baƙuwarsa ba ce, don Dutsen Bima na can gida danginsa ne, sai dai na Sydney ya girme shi nesa ba kusa ba.

Layukan nan nake so ki tsaya a kansu. Kowane ɗaya gangaren tudun rairayi ne da ruwa ya tura gaba a ƙasan kogi. Inda suka sunkuya, can ruwan ya nufa, galibi arewa maso gabas. Ki matsa kusa ki shafa: za ki ji kaushin rairayin a tafin hannu, wani wurin har da 'yan tsakuwoyi farare a jere. In kin gangara bakin ruwa kuma za ki tarar da ramuka kamar saƙar zuma. Aikin gishiri ne, yana shiga jikin dutsen ya bushe ya ɓarɓasa shi.

Yawancin katangun hannun mutum ne ya yanka su. Wani mai sana'ar fasa dutse, Charles Saunders, ya fara haƙar dutse a unguwar a 1853, kuma da dutsen Pyrmont aka gina manyan gine-ginen birnin da dama. Launin toka yake da shi in an fasa, sai ƙarfen da ke cikinsa ya yi tsatsa a iska ya koma ruwan zuma.

Ranar da kika samu sarari, ki tsallaka zuwa Balls Head, wani tudu da ya kutsa cikin ruwa a ɗaya gefen tashar ruwan Sydney. Akwai zanen ƙaton dabbar teku da mutanen Cammeraygal, 'yan asalin wurin, suka sassaƙa a kan fa. Don Allah kada ki taka shi, dutsen na saurin lalacewa. Ki kuma sa takalmi mai riƙo, duwatsun bakin ruwa na da santsi.