Ƙaninka asibiti yake buƙata yau, ba bizar umara ba

Wani ɗan'uwa direba a Jidda ya rubuto min hankalinsa a tashe. Ƙaninsa can ƙauyensu wajen Gumel yana da farfaɗiya tun yana yaro, maganin farfaɗiya Epilim yake sha, to kwanan nan bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, shekaranjiya har da aman jini. Baffansu ya ce mutanen ɓoye ne suka motsa, a turo kuɗin baƙin bunsuru a kuma daina ƙwayar bature. Wani ejan kuma ya ce a ba shi riyal ya shigo da yaron da bizar umara a yi masa magani a can.

Ɗan'uwa Allah ya ba shi lafiya, amma ka ajiye wayar nan ka kira gida tukuna, yau ɗin nan a sa shi a mota a kai shi babban asibitin Gumel, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura shi Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin Malam Aminu Kano inda ake zura kyamara ta baki a ga wajen da ke zubar. Baƙin kashi irin wannan jini ne ke tsiyaya a ciki, mutum yana zaune jininsa na ƙarewa.

Kuma ba abin mamaki ba ne ga mai farfaɗiya. A 2013 an fitar da wani babban bincike daga Taiwan da aka yi da bayanan inshorar lafiyarsu, aka ga masu farfaɗiya sun fi sauran jama'a zubar jinin ciki. Shi Epilim kansa yana iya rage ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa, sai a faɗa wa likita ya auna. Amma ni abin da na fi zargi, sau da yawa mai faɗuwa in ya farfaɗo jiki na ciwo sai a ruga kemis ko wajen mai tallan magani ranar kasuwa a haɗo masa dikilofenak, Feldene, asfirin a ƙullin leda, ya watsa a ciki ba ko koko, waɗannan su ke cinye bangon ciki su kawo olsa. Ka tambayi Inna me yake sha bayan na asibiti, a tattara ledojin a tafi da su. Kada kowa ya tsayar masa da maganin farfaɗiya da kansa, yanke shi lokaci guda na iya kawo faɗuwar da ba ta tsayawa, likita ne zai canza.

Ejan kuwa kar ka ba shi ko sisi. Kai ka san bizar umara ba igama (takardar izinin zama) ba ce, kuma na ga waɗanda aka yi wa haka, kwana ya ƙare yaro ya koma ɓuya a ɗaki ba damar asibiti, ƙarshe tarhil, wato a koro shi gida, wanda ya ɓoye shi ma igamarsa ta shiga ruwa. Mai aman jini ma wa zai ɗora shi a jirgi?

Baffa a gaishe shi da ladabi, addu'a muna so, amma gumin da kake yi a ranar Jidda ba na bunsuru ba ne, kuma ƙin aikowa ba rashin biyayya ba ne. Ka tura kuɗin hannun wanda zai yi jinya kai tsaye, ya riƙa ɗauko maka hoton rasit da katin asibiti ta WhatsApp, sannan ka sa a nemi 'yan'uwa biyu su bi su ko za a ce a ba da jini.