Ta yaya zan gane bincike na gwaji ne ko mai kama da shi ne kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu, an ba mu rahotannin bincike guda uku mu faɗi tsarin kowanne. A na farko, wata malama ta koyar da aji ɗaya lissafi da sabon salo, ɗaya ajin kuma da tsohon salo, sannan ta kwatanta sakamakon jarabawarsu. A na biyu, wani asibiti ya horar da ma'aikatansa kan wanke hannu, aka ƙirga majinyatan da suka ɗauki cuta a ɗakin kwanciya kafin horon da bayansa. A na uku, an bi sawun mata masu juna biyu da ke shan ƙwayar ƙarin jini da waɗanda ba sa sha har suka haihu. Duk ukun sun kira aikinsu gwaji. Ta yaya zan bambance su?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba da sa'ar karatu. A wannan fagen suna ba linzami ba ne. Marubuci na iya kiran aikinsa duk abin da ya ga dama, don haka ki tsallake take da gabatarwa, ki nufi sashen da aka bayyana yadda aka gudanar da aikin. Amsar da kike nema a can guda ce: wa ya yanke shawarar wane ne zai samu abin da ake gwadawa, wane ne ba zai samu ba?

Bari mu fara da na uku, shi ne mafi sauƙi. Masu binciken ba su ba kowa ƙwaya ba, ba su hana kowa ba. Matan ne da likitocinsu suka zaɓa, su kuma suka tsaya suna kallo suna rubutawa. Wannan binciken sa ido ne, irin na bin sawun rukuni, ba gwaji ba. Kada ki raina shi. Da irinsa ne Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin likitocin Birtaniya a 1951, suka nuna yadda shan taba ke tafiya tare da sankarar huhu, kuma ba mai hankalin da zai yarda a tilasta wa mutane shan taba don a gwada. Rauninsa dai shi ne matar da ke shan ƙwayarta kullum, galibi ita ce mai zuwa awo a kan lokaci, mai samun abinci mai kyau, mai iya biyan kuɗin asibiti. In jaririnta ya fi nauyi, ƙwayar ce ko sauran abubuwan? Likitoci sun ɗanɗana kuɗar wannan. Shekara da shekaru binciken sa ido yana nuna kamar maganin sinadarin hormon da ake ba mata bayan ɗaukewar al'ada yana kare zuciya. Da aka yi babban gwaji a Amurka kan mata sama da 16,000 da aka raba ta ƙuri'a, sai aka tarar ba ya karewa, har ma haɗarin ya ɗan ƙaru, aka dakatar da gwajin a 2002.

Na biyu kuwa an sa hannu, domin an shirya horo da gangan. Abin da ya rasa shi ne rukunin kwatanci. Sunansa tsarin rukuni ɗaya mai awo kafin da bayan, kuma yana cikin mafi rauni. Ki lura da lokacin da asibitoci ke tashi tsaye su shirya irin wannan horo: sai cuta ta yi ƙamari, hankalin kowa ya tashi. Adadin da ya yi tashin da bai saba yi ba kuwa, ko ba a taɓa komai ba, yakan sauko kusa da inda ya saba tsayawa. Sai a ga sauƙi a ce horon ne. Ga canjin yanayi, ga yiwuwar an sauya maganin goge ɗaki ko an ƙaro ma'aikata a daidai lokacin. A makaranta matsalar ta fi haka fitowa fili, domin yaro yana girma yana koyo tsakanin zango na farko da na uku ko an kawo sabon salo ko ba a kawo ba. Ki duba ko sau nawa aka yi awo. In ƙirga ɗaya ce kafin, ɗaya bayan, to hukuncinki shi ne wanda na faɗa. In kuwa an ƙirga wata-wata na tsawon lokaci kafin horon da bayansa, har ana iya ganin inda layin ya karya daga yadda ya saba tafiya, tsarin ya zama na jerin awo da aka katse, wanda ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba.

Na farko shi ne wanda ya fi rikita ɗalibai, domin yana da kusan komai: an sa hannu, akwai rukuni biyu, akwai jarabawa. Amma azuzuwan nan a haɗe malamar ta same su. Wataƙila makarantar kan tara masu ƙoƙari a aji ɗaya. Wataƙila ɗaya ajin da safe yake lissafi, ɗayan kuma bayan rana ta take, yara sun gaji. Kuma malamar da ta ƙirƙiro sabon salo, ko ba ta yi niyya ba, za ta fi shiga ajinsa da kuzari. Wannan tsari ne mai kama da gwaji, mai rukunin kwatancin da ba a tabbatar ya yi daidai da ɗan'uwansa ba. Cikakken gwaji, wanda mujallu ke taƙaita sunansa da RCT, sai an raba mutane ta ƙuri'a, ta yadda ba malami, ba likita, ba iyaye, ba wanda ke da ta cewa kan inda kowa zai faɗa.

Misalin da na fi so a kan wannan shi ne gwajin allurar shan-inna ta Jonas Salk a Amurka a 1954, domin an yi tsarin biyu a cikin aiki guda. A wasu yankuna an yi wa 'yan aji biyu allura in iyayensu sun yarda, aka kwatanta su da 'yan aji ɗaya da aji uku da ba a yi wa komai ba. A wasu yankunan kuma aka ɗauki yaran da iyayensu suka yarda kaɗai, aka raba su biyu ta ƙuri'a, rabi suka samu allurar gaske, rabi suka samu ta bogi, kuma yaro da iyaye da likitan da ke duba shi ba wanda ya san wacce aka ba shi. A ɓangaren ƙuri'a, cikin kowane yara 100,000, kusan 28 ne suka kamu a cikin masu allurar gaske, 71 a cikin masu ta bogi. Yaran da iyayensu suka ƙi yarda fa? Kusan 46. Ki tsaya a kan wannan adadin. Su ma ba su samu rigakafi ba, amma sun fi masu allurar bogi tsira, domin iyayen da suka yarda galibi masu hali ne, kuma shan-inna a lokacin ta fi kama 'ya'yan gidaje masu tsafta waɗanda ba su haɗu da ƙwayar cutar tun suna jarirai ba. Yardar iyaye kaɗai ta isa ta raba yara gida biyu masu bambanci tun kafin allura ta taɓa kowa. Ƙuri'a ce ke kawar da irin wannan, har da bambancin da ba wanda ya taɓa tunanin aunawa.

Sai dai ki yi hattara, ba duk inda aka ambaci ƙuri'a ba ne ake nufin rabo. Akwai ƙuri'ar zaɓo mutane daga cikin jama'a, akwai ƙuri'ar raba waɗanda aka zaɓo zuwa rukunoni. Ta farko tana gaya miki ko sakamakon ya wakilci jama'a. Ta biyu ce ke mayar da bincike gwaji. Mai bincike na iya zaɓo makarantu ta ƙuri'a sannan ya bar shugabanninsu su zaɓi ajin da za a gwada wa sabon salo, kuma aikinsa bai tashi daga mai kama da gwaji ba. Haka nan rabo bi da bi, ko ta ranar haihuwa, ko ta lambar katin asibiti, ba ƙuri'a ba ne, tunda mai karɓar majinyata na iya hango inda na gaba zai faɗa ya jinkirta wanda yake tausayi. Shi ya sa a gwajin maganin streptomycin kan tarin fuka da aka wallafa a Birtaniya a 1948, an ɓoye jerin rabon a cikin ambulan da aka rufe, ba a buɗewa sai an riga an karɓi majinyaci. Cikin wata shida, mutum 4 cikin 55 suka rasu a ɓangaren magani, 14 cikin 52 a ɓangaren hutun gado kawai.

Wata tambaya da za ta biyo baya ita ce, da malamar ta jefa kwabo tsakanin azuzuwan biyu fa? Ya ɗan rage son rai, amma abin da aka raba guda biyu ne kacal, ko da kowane aji na ɗauke da yara hamsin. Rabon rukuni-rukuni tsari ne karɓaɓɓe, kuma sau da yawa shi ne kaɗai mai yiwuwa a makarantu da ƙauyuka, amma yana buƙatar azuzuwa ko makarantu masu yawa, kuma lissafin sakamako dole ya yi la'akari da cewa 'yan aji ɗaya suna kama da juna. Ki kwatanta da shirin STAR na jihar Tennessee daga 1985 zuwa 1989, inda a cikin makarantu 79 aka raba yara da malamansu ta ƙuri'a zuwa ƙananan azuzuwa masu yara 13 zuwa 17 da manya masu 22 zuwa 25. Raba malaman shi ne abin da nake yaba wa aikin, domin ya toshe ƙofar a ce gwanayen malamai ne suka kwashe ƙananan azuzuwa.

Sauran tsare-tsaren rassa ne na wannan tushe, kuma ganinsu ba wuya. In kowane mutum ya sha magani biyu ɗaya bayan ɗaya, ƙuri'a ta zaɓi wanda zai fara da shi, tsarin musanya ne, kuma bai dace da koyarwa ba tunda abin da yaro ya koya ba a goge shi. In ana gwada abu biyu lokaci guda a rukuni huɗu, tsarin haɗaka ne, kamar gwajin ISIS-2 na 1988 da ya gwada asfirin da streptokinase, maganin narkar da gudan jini, kan masu bugun zuciya sama da 17,000. In kowa zai samu abin daga ƙarshe amma ana shigo da yankuna mataki-mataki, tsarin matakala ne, irin wanda aka bi a Gambiya wajen rigakafin ciwon hanta nau'in B daga 1986.

Don sauƙaƙa wa kanki, ki ari alamomin da Donald Campbell da Julian Stanley suka yaɗa a 1963: R rabon ƙuri'a, X abin da aka gwada, O awo. Ki zana kowane rukuni a layinsa. Binciken asibitinki layi ɗaya ne, O X O. Na malamar layi biyu ne, X O a sama, O a ƙasa, ba R a gaban kowanne. Ki koma rahoton ki duba ko ta yi wa azuzuwan jarabawa tun kafin ta fara. In ta yi, sai ki ƙara O a farkon layukan biyu, kuma darajar aikin ta ƙaru sosai, domin aƙalla an san daga inda kowane aji ya tashi.

In kin haɗu da binciken da ya cika sharaɗin ƙuri'a, ki ƙirga mutum nawa aka raba, mutum nawa suka kai ƙarshe a kowane ɓangare. Yaran da sabon salo ya yi wa wuya su ne suka fi barin aji, majinyatan da magani ya galabaitar su ne suka fi daina zuwa. In aka cire su daga lissafi, daidaiton da ƙuri'a ta samar ya rushe. Rahoton da ya bi CONSORT, wato ƙa'idar rubuta rahoton irin wannan gwaji, zai nuna miki zane mai ɗauke da waɗannan adadi tun daga karɓa har zuwa lissafin ƙarshe, kuma zai faɗa ko an ƙirga kowa a rukunin da ƙuri'a ta ajiye shi.