Allurar zafi na hawa tana sauka: shin in cire termosta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar mota Toyota da nake zuwa Ƙonni da ita daga Tawa. Kwanan nan allurar zafi takan hau har kusa da ja, sai ta sauko farat ɗaya, ga shi kuma ruwa bai ragu ba. Makanikina ya ce termosta ce, kuma a cire ta kawai, wai don sanyin Turai aka yi ta. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa makanikinka ya gano ciwon, amma ban yarda da maganin da ya ba ka ba.

Termosta ƙaramar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto, kuma a cikinta akwai kakin da ke kumbura idan ya ji zafi. Da safe tana rufe, domin ruwa ya yi ta zagayawa cikin inji har ya ɗumama. Idan zafin ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, gwargwadon irin motar, sai kakin ya tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Abin da ka bayyana, wato allura ta hau sannan ta faɗo lokaci guda, ya yi kama da termostar da ta fara cijewa: tana jinkirin buɗewa har inji ya ɗau zafi, sannan ta saki ruwan gaba ɗaya. Sai dai iskar da ta maƙale cikin ruwa ma tana sa allura irin wannan rawa, don haka kada a yanke hukunci kafin a gwada.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Ka tayar da mota da safe tun inji na da sanyi, ka riƙa taɓa tiyon lagireto na sama, kana kiyaye hannunka daga fanka da bel. Idan termosta na da lafiya, tiyon zai jima bai yi zafi ba, sannan ya ɗau zafi da sauri lokacin da allura ta kusa tsakiya. Idan allura ta wuce tsakiya alhali tiyo da lagireto suna nan da sanyi, to ƙofar ta cije a rufe, kuma wannan shi ne mai haɗari, domin a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Tawa ke haura digiri 40, ƴan mintuna sun isa su ƙona gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Idan kuwa tiyon ya fara ɗumi tun daga farko, allura ta ƙi hawa, musamman da asubahin hunturu ko kana gudu a kan kwalta, to a buɗe ta cije; motar za ta ƙara shan mai, kuma a sababbin motoci na'urar bincike takan nuna lambar P0128. Wanda ke son tabbaci sai ya sa a kwance termostar, a jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta: lafiyayya tana buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ta koma ta rufe idan ya huce, kuma galibi an buga digirin buɗewarta a jikinta.

Batun cirewa kuwa, al'ada ce da ta yaɗu a garejojinmu, kuma ina ganin asara ce. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana cin mai, yana tara baƙin hayaƙi, kuma yana saurin lalacewa, domin man juye ba ya aiki sosai da sanyi. Bugu da ƙari, a injuna da dama termosta ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa inji ba tare da ya bi lagireto ba, ta yadda cire ta kan iya ƙara zafin maimakon rage shi. Motar da ta ci gaba da zafi bayan an sa sabuwar termosta, sai a duba fanka, famfon ruwa, murfin lagireto, ko lagireton da ƙura da tsatsa suka toshe.

Ka sayi sabuwar termosta mai digiri ɗaya da tsohuwar, a sa ta da sabuwar roba, a fitar da iska, kuma a zuba ruwan sanyaya inji na musamman maimakon ruwan rijiya, wanda gishirinsa da tsatsar da yake jawowa kan cije termosta. Kafin nan, idan allura ta taɓa ja a hanyar Badagishiri, ka tsaya ka kashe mota, kuma kada ka buɗe murfin lagireto sai inji ya huce sarai.