Ƙanena ya yi wata uwa a Harlem

Anti, barka da aiki. Ƙanena ne ya hana ni barci. A Bronx muke zaune, cikin New York. Yanzu wasan shigar mata yake yi a dandamali, wanda suke kira drag. Sai ya share awa uku gaban madubi: ya danne gira da gam, ya bi da hoda, ya zana wata a sama, ya yi cikon soso a ƙugu, ya kafa gashin kanti. Kuɗin liƙin da yake samu, dala ɗai-ɗai, ya kwashe ya kai masaukin yara marasa galihu, ko ka gan shi yana yi wa mutane rajistar zaɓe. Duk na haɗiye. Abin da ke ci mini rai shi ne wani da yake kira Mama. Mama ta ce, Mama ta ɗinka mini. Uwarmu fa tana raye! Tun da Baba ya watso masa kaya waje yake can gidan Mamar a unguwar Harlem, ko da Sallah bai leƙo ba. Mama, Anti! Ni da na goya shi fa?

'Yarki a Bronx

'Yata, ba na bayan kowa, amma kin wuce wata magana da gudu: Baba ya watso masa kaya. Ina ya kwana a daren? Wa ya bi sawunsa?

Korar yara ce ta haifi irin waɗannan gidaje, inda yaran da aka kora ke zama ƙarƙashin wani da suke kira uwa. A 1970 Marsha P. Johnson da Sylvia Rivera suka kafa ƙungiyar STAR a New York don yaran da ke kwana a titi su sami makwanci. Uwar irin wannan gida ita ke ba da katifa, ta koya ɗinki da kwalliya, ta raka yaro asibiti. Ko 'yan daudu a ƙasar Hausa suna da iyaye da 'ya'ya a tsakaninsu. Siyasar da kika ga yana yi kuwa ta zame wa masu wasan drag dole, don a 2023 jihar Tennessee ta yi dokar taƙaita wasan.

Iyaye, ku ji ni da kyau: duk wanda ya kori ɗansa, da hannunsa ya miƙa shi ga wasu, kada ya dawo yana kishi.

Ki kira shi ke kaɗai, ku haɗu a wajen gida. Kada ki taɓa Mamar da baƙar magana, nan ne sulhu ke wargajewa, domin ita ta riƙe shi ranar da ba kowa. Ki tambaye shi lafiyarsa da inda yake kwana, ki haɗa shi da mahaifiyarku a waya, sannan ku nemi dattijon da Baba ke jin nauyinsa.