Hukuncin ƙona zaiba a cikin gida don fitar da zinare

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni mai haƙar zinare ne a Zamfara. Muna cuɗa garin dutse da zaiba, mu matse a ƙyalle, mu ɗora dunƙulen a kan garwashi har zinare ya fito. Saboda tsoron ɓarayi, a madafin gida nake ƙonawa. Shin zaiba najasa ce idan ta taɓa tufafin salla? Kuma ƙonawar ta halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zaiba ba najasa ba ce. A wurin malamanmu na Malikiyya, ma'adinan ƙasa masu tsarki ne, ko da suna gudana kamar ruwa. Sallarka ta yi.

Amma tsarki daban, cutarwa daban, kuma tambayarka ta biyu ce ta tayar mini da hankali.

Allah ya halicci zaiba da wata ɗabi'a ta musamman. Ƙarfe ce, amma ba ta daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 39 ƙasa da sifili, shi ya sa kullum kake ganin ta a narke. Tana tafasa a digiri 357, shi kuwa zinare ba ya narkewa sai a 1064. Wannan tazara ce sirrin sana'arku: wuta ta kori zaiba, ta bar zinare. To ina zaibar ta tafi? Mutane suna cewa ta ƙone. Ba ta ƙone ba, tururi ta zama, marar launi, marar wari. Wanda ya shaƙe shi, huhunsa yana riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari, sauran kuma ya kwanta a bango, a tabarma, a zanen uwargida, ya riƙa tashi a hankali duk lokacin da ɗaki ya ɗauki zafi. Daga nan sai rawar hannu, da mantuwa, da ciwon ƙoda. Ɗan da ke cikin ciki ma bai tsira ba.

Saboda haka ƙona ta a madafi, ko a ɗaki, ko kusa da yara da masu juna biyu haramun ne. Allah yana cewa a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Annabi (SAW) kuma ya ce babu cuta, babu cutarwa. Iyalinka amana ce, ba su zaɓi shaƙar wannan guba ba. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara saboda ana niƙa dutse a tsakar gida.

Tsoron ɓarayi uzuri ne na gaskiya, ban raina shi ba, sai dai ba ya halatta cutar da wani. Sana'ar kanta halal ce. Ku haɗa kai ku ware wuri a fili, nesa da gidaje da rijiya. Ku nemi rufaffiyar tukunyar nan mai bututu wadda ke sanyaya tururin ya koma zaiba, ka ga kuɗinka ma sun dawo. Tufafin aiki kuma a bar su can, kada su shigo gida.

Wallahu a'alam.