Ga 'yar uwar da tsutsa ta dawo wa ɗanta

Wayyo 'yar uwa, ina karanta tambayarki na ji kamar labarin gidana kike bayarwa. Kin ce an ba ɗanki maganin tsutsa a makaranta, wata huɗu sai ga ta kuma a kashinsa, ko maganin jabu ne? Wallahi ba jabu ba ne. Ƙwayar nan da suke taunawa, albendazole, tsutsar da ta tarar a ciki kawai take kashewa, ba rigakafi ba ce. Ƙwan na nan cikin ƙasa wata da watanni bai mutu ba, yaro ya gama wasan ƙasa ya damƙi ƙosai ba wanke hannu, shi ke nan an koma gidan jiya.

Ni nawa tsargiya ce ma. Muna zaune wajen Kura, ga kanal ɗin manoman shinkafa a bayan gida. An auna tsayinsa da sanda a makaranta an ba shi praziquantel, maganin tsargiyar, na saki jiki. Ashe kullum in an taso can suke zuwa iyo. Wata rana ina wanki na ga jini a wandonsa, na kira shi ya fashe da kuka, wai sati uku ke nan yana ɓoyewa don kar in dake shi. Yaro ɗan shekara 9 fa! Na ruga da shi kemis, mutumin nan ko gwaji bai ce a yi ba ya ce ciwon sanyi ne, a gaban mutane yake ce min hajiya ki binciki ɗanki da wa yake yawo. Allura biyar ya yi masa ya karɓe kuɗin adashina, yaro na ɗingishi jini bai tsaya ba. Har yau in na wuce shagon nan sai raina ya ɓaci, Allah ya isa wallahi. Sai a asibiti aka gwada fitsari, ma'aikaciyar ta ce daga dodon koɗi tsutsar ke fitowa cikin ruwa ta huda fata, ko ba ka sha ruwan ba.

Ki kai shi asibiti, ki tafi da ƙannensa ma, don su ba a ba su a makaranta ba kuma kwano ɗaya suke ci. Farce, ki dinga yankewa duk Juma'a. Silifas dole, akwai wadda ta tafin ƙafa take shiga tana shan jini. Kuma ki je ki ga masan makarantar da idonki, tamu a kulle take malamai ke riƙe da makulli, yara sai bayan aji, na yi magana a taron iyaye har muryata ta dashe.

In sun sake zuwa rabon kar ki hana shi sha, ki dai cika masa ciki da koko ko ɗumame tukuna, nawa da ya sha na tsargiya ba karin kumallo jiri ya kwashe shi. Allah ya ba yaronmu lafiya. Akwai kududdufi ko rafi kusa da ku?